Jin Ɗumi da Shan Hantsi: Sharhi kan Ma'ana, Amfani da Asali

1.0 Gabatarwa

Daga watan Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya sauka a Abuja, akan ga masu gadi da masu shayi a Garki da Wuse sun kewaye wuta da asuba. Bahaushe zai ce suna jin ɗumi. Sai dai a wannan birni, wanda ya zama mazaunin gwamnatin tarayya a 1991 kuma aikin fassara ya yawaita a cikinsa, wasu kan ɗauka cewa Hausa ta gaza, tunda ba ta da aikatau guda na wannan hali, sai su cike gurbin da ɗumama. Wannan maƙala na ganin akwai gyara a nan.

2.0 Asali

Ɗumi ya yi kama da rukunin sunayen da F. W. Parsons ya yi nazari a 1955, irin su zafi da sanyi da ƙarfi da zurfi. Daga cikinsu ake samar da aikatau ta maimaita baƙin ƙarshe: zafafa, sanyaya, ƙarfafa, zurfafa, ɗumama. Dukkansu suna nufin sa wa wani abu wannan siffa. Shi ya sa ake ɗumama tuwo, har a sami ɗumame. Ke nan mai ɗumamawa bayarwa yake yi, shi kuwa wanda ke zaune a bakin wuta karɓa yake yi. Sha kuma tsohuwar kalma ce, domin Paul Newman ya nuna a 1977 cewa tana da 'yan'uwa a harsunan Chadi.

3.0 Ma'ana da Amfani

Hausa ta raba wannan jin daɗi gida biyu, gwargwadon inda ɗumin ya fito:

(a) Tsofaffi suna jin ɗumi. (wuta)
(b) Tsofaffi suna shan hantsi. (rana)

Abin lura shi ne, sha ba ya ɗauke da daɗi ko wuya a karan kansa. Sunan da ya biyo shi ne ke yanke hukunci. Wanda ya sha hantsi ko inuwa ya huta, amma wanda ya sha rana ya wahala, alhali rana ɗaya ce, lokaci ne kawai ya bambanta. Idan mai fassara ya ce tsofaffi suna ɗumama jikinsu, bai karya nahawu ba, amma ya mayar da hutu aiki, ya kuma ɓoye ko wuta ce ko rana.

4.0 Kammalawa

Rashin aikatau guda ba talauci ba ne, tunda jimlolin nan biyu sun bambance abin da kalma ɗaya za ta cakuɗa. Ya kamata masu rubuta ƙamus su ba jin ɗumi da shan hantsi gurbi na kansu tare da misalai, domin yaron da ya tashi a gidan bene a Abuja, inda ba a hura wuta a tsakar gida, a littafi zai fara cin karo da su.