Tsokaci a Kan Tsarin Sakin Littattafan Ilimi Kyauta na Maɗaba'ar MIT

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sayen littattafan ƙetare ya gagari yawancin ɗakunan karatu na jami'o'in Nijeriya. Saboda haka duk wani yunƙuri na sakin littattafan ilimi kyauta a intanet abu ne da ya shafi manazarta harsunan ƙasar nan. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan tsarin Direct to Open, wanda maɗaba'ar jami'ar MIT ta Amurka ta ƙaddamar a 2021, domin a auna amfaninsa da kuma iyakarsa.

2.0 Yadda Tsarin Yake

Tantance littafi da gyara shi da tsara shi duk suna cin kuɗi, ko da kuwa ba a buga shi a takarda ba. Tambayar ita ce, wa zai biya? A wasu maɗaba'u, marubuci ko jami'arsa ake ɗora wa nauyin. A wannan tsari kuwa, ɗakunan karatu ne ke yin karo-karo kowace shekara. Idan kuɗin ya cika, sai a saki sababbin littattafan bincike na shekarar ga kowa. Waɗanda suka biya kuma a saka musu da damar karanta tsofaffin littattafan maɗaba'ar. Littattafan 2022 ne aka fara saki ta wannan hanya.

3.0 Sharhi

Babban abin yabo shi ne an ɗauke wa marubuci kaya. Tsarin da ke neman dala daga hannun marubuci yakan mayar da malamin da albashinsa naira ne mai karatu kawai, wanda ba shi da ta cewa a fagen.

Sai dai akwai gyara. Na farko, tsarin bai shafi tsofaffin littattafai ba, alhali kuwa su ne tubalin nazarin harshe. Littafin Noam Chomsky, Aspects of the Theory of Syntax, wanda wannan maɗaba'a ta buga a 1965, har yau ɗalibin ginin jumla ba ya rasa buƙatarsa. An ba shi reshe ke nan, an bar saiwa a kulle. Na biyu, ɗorewar tsarin ta dogara ne ga kasafin ɗakunan karatu masu hali. Ranar da aljihunsu ya girgiza, ƙofar na iya rufewa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, buɗe ƙofar karatu daban, buɗe ta rubutu daban. Da Ingilishi maɗaba'ar ke ɗab'i, don haka binciken da aka rubuta da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ba shi da mazauni a ciki.

4.0 Kammalawa

Darasin da ke nan ga maɗaba'un jami'o'in Nijeriya shi ne dabarar karo-karon, ba jiran abin da aka saki daga waje kaɗai ba. Da ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya za su haɗa asusu guda, tare da tallafin hukuma irin TETFund, da kundayen digiri da ƙamusoshin da ƙura ta lulluɓe a sassan harsuna sun isa hannun masu buƙatarsu. Domin kuwa kayan aro ba ya rufe katara.