Ma'aunin sakaci na Straus: me tambayoyinsa suke aunawa?

A shekarar 1995 ne Murray Straus na Jami'ar New Hampshire a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka fito da wani ma'auni da ya kasa sakacin iyaye gida huɗu: na jiki (ci, sutura, magani), na zuci, na sa ido, da na ilmi. Abu guda ya cancanci yabo: an auna aikin mai reno daban, illar da ta sami yaro daban, don kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu sannan a ce wannan ya haifi wancan.

Inda muke da ja shi ne kan lafazin tambayoyin. A sashen zuci, ana tambayar mutum ko iyayensa sun faɗa masa suna ƙaunarsa, ko sun yabe shi. A ganinmu wannan furuci ne ake aunawa, furuci kuwa kowace al'umma da ƙa'idarta. Mu ɗauka an fassara takardar zuwa Hausa. Uwar da ke kunyar ɗanta na fari, wadda ko sunansa ba ta kama wa, za ta fito a jerin masu sakaci, alhali tana iya kwana da yunwa dominsa. Kalmar "iyaye" ma tana da wuyar sha'ani: yaron da aka ba gwaggo riƙo, wa zai tuna in an tambaye shi? Haka sashen ilmi, mai tambayar karanta wa yaro littafi da taya shi aikin lakol. Ya fi auna karatun iyaye bisa ga kulawarsu.

Sai kuma batun tuni, tun da babba ake tambaya labarin ƙuruciyarsa. A 2019 Jessie Baldwin da abokan aikinta sun tattara bincike 16, suka gano cewa kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka shaida cutar da su tun suna yara ba su ambaci hakan ba da aka tambaye su daga baya. Saboda haka in an ce sakacin zuci ya fi na jiki jawo faɗa ko janye jiki daga mutane, sai mun tambaya: sakacin ne ya haifi halin, ko kuwa halin da mai amsa yake ciki yau ne ya rina abin da ya tuna?