Waƙa a Bakin Mai Ita, Kuɗin a Aljihun Wa?

Da hantsi, a teburin wani mai shayi da ke unguwar Gwange a Maiduguri, akwatin rediyo na rataye da ƙusa a jikin rumfa, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Kusa da gwangwanin madara akwai wani ɗan littafi da maiƙo ya gama cinye bangonsa, wanda mai shayin ke rubuta bashi a ciki. Mai gabatar da shirin zaɓen masu sauraro ya karanto gaisuwar wata baiwar Allah daga Bulumkutu zuwa ga ƙanwarta a Hausari, ya saki waƙar Shata. Kafin 'yan amshi su karɓa sau uku an rage murya, tallar taki ta shigo, ta makarantar kuɗi ta biyo baya, sannan aka dawo da kalangu. Mai taki ya biya, mai makaranta ya biya, ita ma mai gaisuwar ta ƙona katin waya. Muryar da ta hana mai shayi murɗa tasha kuwa, ita ce ba a cika tunawa da ita ba ranar rabo.

Ko ya kamata gidan rediyo ya biya mawaƙi ladan sa waƙarsa? Doka ta riga ta amsa tuni. Al'ada ce ba ta gama amsawa ba, kuma Maiduguri wuri ne da ya dace a auna maganar.

Yadda iyaye suka yi ciniki

Makaɗinmu na dā bai san sayar da waƙa kamar goro ba. A gaban wanda aka yi wa ake yin ta, kuma a nan take ladanta ke fitowa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Masu ganga kura da algaita suna da fadar Shehun Barno. A daren wushe-wushe na bikin Barebari, ko a filin bansuwe na mutanen Biu, mai kiɗa yana kallon wanda ya ji daɗi, wanda ya ji daɗin ma yana kallonsa. Riga, doki, buhun hatsi, liƙi, daga baya mota da kujerar Makka, duk daga hannu zuwa hannu suke. Ba takarda, ba lauya. Kunya ita ce alƙali, domin ba wanda zai so a ce an wasa shi ya tashi yana kaɗe riga.

Rediyo ne ya raba murya da mai ita. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, makaɗa sun ɗauki shiga ɗakin ɗaukar murya a matsayin ɗaukaka, kuma suna da gaskiya: suna ya kai inda ƙafa ba ta taka ba, goron gayyata ya ƙaru. Abin da aka ba mutum ranar ɗauka shi ke nan, tef kuma ya zama na gida, a juya shi shekara da shekaru. Lokacin tashoshi duk na gwamnati ne, ba a maganar riba. Amma a 1992 aka yi dokar da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Tun daga nan minti ya zama haja. Rediyo ya gaji kujerar ubangida wajen sauraron waƙa, ya bar gadon kyautar a ƙasa.

Abin da doka ta ce

Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, ta maye gurbinta da sabuwa ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A waƙa guda haƙƙi biyu ne: na wanda ya tsara baiti da kari, da na mai faifan da aka ɗauka. Na farkon yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Shata ya rasu a 1999, ke nan magadansa suna da magana har 2069. Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, nasa sai 2085. Sayen kaset, ko biyan masu turi a bakin Kasuwar Monday su zuba wa mutum waƙa a waya, izinin saurare ne kawai. Watsa ta ga gari izini ne daban.

Tunda tasha ba za ta iya bin mawaƙa gida-gida ba, sai aka tanadi ƙungiyar da za ta karɓa a madadinsu ta raba. Dabarar daga Faransa ta samo asali. A 1847 wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na birnin Paris, ya ce ai su ma ga waƙarsa nan ana yi ba su biya shi ba. Kotu ta ba shi gaskiya, a 1851 aka kafa ƙungiyar SACEM.

A Nijeriya abin ya zo da ƙura. Hukumar haƙƙin mallaka ta NCC ta amince da irin wannan ƙungiya mai suna COSON a 2010, ƙarƙashin Cif Tony Okoroji. A watan Disamba na 2013 ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talabijin, BON da IBAN, suka ce a daina sa waƙoƙin 'yan COSON, ciki har da 2face Idibia da Onyeka Onwenu, saboda takaddama kan kuɗin. A watan Mayu na 2014 aka sasanta, aka sa hannu a yarjejeniya. A 2017 aka amince da kishiyarta, MCSN, a 2018 kuma aka dakatar da lasisin COSON, aka shiga hawa da saukar kotu. Wannan kokawa duk a Legas da Abuja aka yi ta. Mai algaita a Shehuri ko labarinta bai ji ba, manajan tasha kuma ya samu hanzari mai kyau: "To wa za mu biya?"

"Ai talla muke yi maka"

Masu tashoshi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Riƙe gidan rediyo a Maiduguri ba wasan yara ba ne. A watan Janairu na 2021 aka fasa turakun wutar da ke shigowa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, janareta ya zama uwa ya zama uba. Talla ba ta da kauri irin ta Legas ko Kano. Duk da haka BRTV, Peace FM, Kanem FM ta jami'a, Dandal Kura da sauransu sun ci gaba da magana da jama'a da Kanuri da Hausa a lokacin da mutane suka fi bukatar jin murya. Sannan kowane mai gabatar da shiri zai gaya maka cewa matasan mawaƙa ne ke sintiri da kansu suna roƙon a sa musu waƙa, wani har da ɗan na goro. Wanda ke roƙonka ka sa, yaya kuma zai dawo ya ce ka biya?

Har Amurka sukan kawo misali, cewa can ma tashoshin rediyo na gargajiya ba sa biyan wanda ya rera. Gaskiya ne, amma rabin labari ne: suna biyan wanda ya rubuta, ta hannun ƙungiyoyin ASCAP da BMI. A wurinmu kuwa mai tsarawa da mai rerawa galibi mutum guda ne. Ko da mudun Amurka aka auna, Shata yana da kaso.

Hujjar talla tana da iyaka, kuma Maiduguri ta ga iyakarta da idonta. A shekarun dokar hana fita, bikin dare ya ja baya, wushe-wushe ya koma na rana ko aka haƙura da shi, makaɗa da yawa suka jingine ganga. Rediyo bai daina sa kiɗansu ba, shi ne ma ya ɗebe wa mutane kewa a bayan ƙofofin da aka kulle tun magariba. To tallar me aka yi wa makaɗin da ba shi da filin zuwa? Talla sai da haja. Matashin da ke jiran gayyatar biki ranar Asabar yana da abin sayarwa. Tsohon da muryarsa ta dushe, da zabiyar da ta yi aure ta bari, da marayun wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba su da komai a kasuwa sai wannan tef ɗin da ake juyawa. Kuma irin waɗannan waƙoƙi su ne tashoshi ke cike gurbi da su idan baƙon shiri bai zo ba.

Inda gizo ke saƙar

A ce gobe kowace tasha a Maiduguri ta biya, shin kuɗin zai iso Gwange? Tasha takan biya kuɗin lasisi ne dunƙule, ƙungiya ta raba wa mambobinta bisa abin da ta san an sa. Idan babu rubutaccen lissafin abin da aka sa, rabo sai ya bi sunayen da aka sani, wato taurarin da suka yi rajista. Kuɗin tallar da ganga kura ta jawo sai ya tafi wurin wanda ko sau ɗaya ba a ji muryarsa a shirin ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Matsalar ta fi tsanani ga kiɗan gargajiya. Waƙoƙi da dama suna yawo daga waya zuwa waya ba suna, sai lamba. Mai gabatarwa ya ce "ga wani kiɗan Barebari" ya wuce, kamar daga sama ya faɗo. Kari na iya zama gadon al'umma, kuma doka ta ɗora wa NCC kula da irin wannan gado. Amma hannun da ya kaɗa ranar da aka ɗauka na wani ne mai suna, mai unguwa, mai iyali.

Don haka gyaran daga littafi zai fara. Kowace tasha ta rubuta abin da ta sa: sunan waƙa, mai ita, rana da lokaci. Kwamfutar da ake sakin waƙar da ita ma tana iya ajiye wannan lissafi. A kira sunan mawaƙi a iska, domin wannan bai cin ko sisi. Biya kuma ya zama kaso daga abin da talla ta kawo, yadda tashar jami'a ba za ta ɗauki kayan tashar kasuwanci ba, watan da aka samu a bayar da yawa, watan da aka rasa a bayar da kaɗan. Matashin da ya zaɓi a sa masa kyauta, ya yafe a rubuce, na ɗan lokaci, a kan waƙarsa shi kaɗai. Yafiyarsa ba ta hau kan magadan wani ba. Su ma mawaƙan Barno, na Kanuri da Shuwa da Babur da Hausa, har da sha'irai masu bege, sai sun haɗa kai sun yi rajistar ayyukansu, domin ba a rabo da wanda ba ya cikin lissafi.

Mai shayin nan na Gwange bai san sunan COSON ba. Amma duk wanda ya sha kofi ya ce sai gobe, sai ya jawo littafin nan ya rubuta suna da kuɗi, ko da ya san biyan zai yi nisa. Yakan ɗaga wa mutum ƙafa wata guda, wani ma ya yafe masa ɗungurungum, sai dai ya san wa ya yafe wa da nawa. Akwatin da ke rataye a saman kansa ya fi shekara sittin yana shan na makaɗa bashi, ga littafi a gabansa, har yau bai ari biro ba.