Gwanin Da Ke Leƙa Zuciyar Mai Ciwon Suga

Akwai aikin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri wanda ba a cika yaba wa masu yinsa ba, wato hoton zuciya da likitoci ke kira eko. Dangin sikanin ɗin masu juna biyu ne: a tura sauti cikin ƙirji, amsa-kuwwarsa ta dawo ta zama hoto. Tun 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara shi a Lund ta ƙasar Suwidin, amma har gobe na'urar sai da hannun gwani.

Likita zai ce wa mara lafiya: "Baba, juya ta hagu, a ɗaga hannu sama." Sai a shafa masa mai mai sanyi. Sauti ba ya ratsa ƙashi ko iskar huhu, don haka dole likita ya lalubi 'yar kafa tsakanin haƙarƙari, ya ɗan karkata kan na'urar, ya ce a riƙe numfashi. Ɗan koyo hazo kawai zai gani, balle a ƙirjin mai ƙiba.

Mu da ba likitoci ba, mun ɗauka aikin zuciya matso jini ne kawai. Alhali sai ta saki jiki ta cika kafin ta matsa, kuma nan ciwon sugan manya ya fi fara ɓarna. Naman zuciyar yakan yi tauri, kamar zugazugin da fatarsa ta bushe: matsuwa ba wuya, buɗewa ce aiki. Sau da yawa matsin yakan fito lafiya lau, fiye da kashi 50 cikin 100 na jinin babban ɗakin hagu na zuciyar yana fita a kowane bugu, mai shi kuma bai ji komai ba. Mai gaggawa nan zai tsaya.

Gwani kuwa sai ya auna gudun jinin da ke shiga ɗakin. Tudu biyu ke bayyana a allo. A lafiyayyar zuciya na farkon ya fi tsawo. In tauri ya fara sai su juye. Abin da ya fi burge ni shi ne, in cutar ta yi nisa sukan koma siffarsu ta lafiya, su yaudari ido. Shi ya sa yake ƙarawa da auna motsin naman kansa, da faɗin ɗakin hagu na sama, da kaurin bango. Sannan ya tambayi shekaru da hawan jini, domin su ma suna kawo irin wannan tauri.

Binciken Framingham na Amurka ya nuna tun 1974 cewa ciwon suga na ninka haɗarin gazawar zuciya sau biyu ga maza, sau biyar ga mata. Mai ciwon sugan da ya fara haki tsakanin gida da masallaci, ko ƙafarsa ta soma kumburi, ya tambayi likitansa batun eko.