Katun a Ma'aunin Tatsuniya: Nishaɗin Ƙananan Yara da Iyayensu a Batagarawa

BABI NA HUƊU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana ma'anar katun, wato fim na zane mai motsi, da yadda ya shigo gidajen Hausawa ta akwatin talabijin, daga baya kuma ta wayar hannu. A wannan babi za a ɗora wasu daga cikin katun ɗin da yara 'yan shekara 2 zuwa 5 ke kallo a kan ma'auni, domin a amsa tambaya guda ɗaya: shin katun ɗin da ke iya riƙe yaro yana kuma iya zaunar da uwarsa ko ubansa kusa da shi? Dalilin tambayar shi ne, yaro mai waɗannan shekaru bai iya tantance abin da yake gani ba. Idan kallon bai burge babba ba, tashi zai yi ya bar wurin, a bar yaro da hoto ba mai yi masa bayani.

4.1 Yanayin Kallo a Batagarawa

Batagarawa hedkwatar ƙaramar hukuma ce da ke kudu da birnin Katsina, kuma bunƙasar birnin ta sa unguwanninsu sun kusa haɗewa. A wannan yanki ne, kan hanyar Dutsin-ma, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua take, wadda aka kafa a shekarar 2006, tare da wasu manyan makarantu. Saboda haka ana samun gidajen malamai da ma'aikata suna maƙwabtaka da gidajen manoma da masu ƙananan sana'o'i.

Katun na isa ga yaro ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce talabijin mai kama tashoshin tauraron ɗan'adam, wadda amfaninta ya dogara ga samuwar wutar lantarki. Ta biyu ita ce wayar uwa, wadda ake kai wa masu tura finafinai su cika ta da katun a kan kuɗi kaɗan. Ta uku ita ce YouTube, ga gidan da ke da halin sayen data. Bugu da ƙari, a gidan gandu ba kasafai yaro ke kallo shi kaɗai ba. Yaran ɗakuna daban-daban kan taru a kan waya ɗaya, yaya na goye da ƙanenta, uwa kuma tana tsakar gida tana tsintar shinkafa ko tuƙin tuwo. Wato ke nan mafi yawan lokaci kunnen uwa ne ke wurin kallon, idonta yana kan aiki. Wannan ya sa maganar da ke fitowa daga katun take da muhimmanci ƙwarai wajen jawo hankalinta.

4.2 Ma'aunin da Aka Yi Amfani da Shi

Kafin zuwan katun, tatsuniya ce ke ɗauke da nauyin nishaɗantar da yara bayan cin abincin dare. Idan aka duba da kyau, za a ga cewa tatsuniya ɗaya tana ciyar da baki biyu. Ƙaramin yaro yana dariyar tsamin bakin Gizo da waƙar da ake maimaitawa, ita kuwa tsohuwar da ke bayarwa da matan da ke sauraro suna jin daɗin habaicin da ke cikin zaman Gizo da Ƙoƙi, domin sun san irin wannan maigida mai cika baki da kwaɗayi. Har ila yau, washegari uwa na iya tsawata wa yaro ta hanyar tuna masa abin da haɗama ta jawo wa kura. Daga wannan ne aka fitar da ma'auni mai sassa uku:

(a) Abin da ke riƙe hankalin yaro.
(b) Abin da ke sa babba dariya ko tunani.
(c) Abin da ke saura a bakin uwa da ɗa bayan an kashe kallo.

4.3 Katun na Ƙiriniya

Tom and Jerry shi ne mafi daɗewa a wannan rukuni. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1940, kuma asali domin gidajen silima aka yi shi, inda manya ne suka fi yawa. Jigonsa ba ya sauyawa: kyanwa na farautar ɓera, ɓera na ba ta kashi. Kusan babu magana a ciki, sai kiɗa da gudu da faɗuwa, shi ya sa bai buƙatar tafinta. Uba Bahaushe yakan tsaya ya yi dariya tare da 'ya'yansa, domin gabar kyanwa da ɓera ba baƙuwa ba ce a karin maganarsa, kuma nasarar ƙarami mai wayo a kan babba mai ƙarfi ita ce ƙashin bayan tatsuniyoyin Gizo. Sai dai rauninsa yana a sashe na uku na ma'auni. Ana maƙe Tom da guduma ya baje, nan take ya miƙe garau, ba rauni, ba nadama. A tatsuniya mai laifi yakan gamu da sakamakon da ke zama darasi, a nan kuwa duka ne ake maimaitawa, kuma ɗan shekara 3 ba lallai ne ya gane cewa ƙanensa ba zai miƙe kamar Tom ba.

Masha and the Bear, wanda kamfanin Animaccord na ƙasar Rasha ya fara fitarwa a 2009, ya fi kusa da zuciyar iyaye mata. Masha yarinya ce mai ƙiriniya, sanye da doguwar riga da ɗankwali, shigar da ba ta tayar wa uwa Bahaushiya hankali. Abokin zamanta wata ƙatuwar dabbar ƙasashen sanyi ce da ake kira beya, wadda ba ta magana, sai haƙuri da gyaran ɓarna. A wani kashi da ya yi fice, beyar na ƙoƙarin buga wasa irin na dara, Masha kuma ta ɗora tukunyar fate da ya yi ta tumbatsa har ya cika kowane mazubi na gidan. Ya zuwa shekarar 2021 an kalli wannan kashi fiye da sau biliyan 4 a YouTube. Yaro yana dariyar ɓarnar, uwa kuma tana ganin kanta a cikin beyar da ba a bari ta huta. Wannan shi ne baki biyu da aka ambata. Amma duk da haka akwai abin dubawa, domin Masha ba ta cika gamuwa da tsawa ba, alhali a tarbiyyar Bahaushe yaron da ke katse babba yana ba shi umarni, rashin kunya ake kiran abin da ya yi.

4.4 Katun Masu Koyarwa

Akili and Me shiri ne na Ubongo, wata ƙungiya da aka kafa a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya a 2013. An mayar da shi cikin Hausa, an kuma nuna shi a tashar AREWA24, wadda ta fara aiki a 2014. Tauraruwarsa Akili, 'yar shekara 4, tana zaune a gindin dutsen Kilimanjaro, kuma duk lokacin da ta yi barci sai ta shiga wata duniya inda take koyon haruffa da ƙidaya da launuka tare da ɗan zaki da dorina da sauran abokai. Sunan nata ma tushensa ɗaya da kalmar “hankali”, duka daga Larabci. Ta fuskar yaro shirin ya yi nasara, domin yana yi masa tambaya ya dakata ya ba shi damar amsawa, yana kuma maimaita waƙa har ta zauna. Uwa da ke bakin murhu tana jin abin da ake faɗa, har takan sa baki a ƙidayar. Ta wannan fuska ya ɗara duk sauran a sashe na uku. Inda ya gaza shi ne sashe na biyu. Kusan kowa a cikinsa mutumin kirki ne, babu mai kwaɗayi, babu mai zamba, saboda haka babu rikicin da zai sa babba ya so ganin ƙarshe. Uwa takan yaba da shirin kamar yadda take yabon makaranta, ta tura yaro ta koma ga aikinta.

Sesame Square, wanda tashar NTA ta fara nunawa a 2011 da tallafin hukumar USAID, 'yan tsana ne suka fi yawa a cikinsa, tare da guntayen zane, kuma daga baya an fitar da shi cikin Hausa. Ya samo asali ne daga Sesame Street na Amurka, wanda tun farawarsa a 1969 aka tsara shi da raha domin iyaye su zauna. Zobi, direban tasi mai tsananin son doya, ya kusa kama halin Gizo wajen kwaɗayi da shirme. To amma doya ba ita ce abincin yau da kullum na yaron Batagarawa ba. Da tuwo ko fura ko ƙosai ne, da dariyar ta fi shiga, wanda ke nuna cewa juya murya zuwa Hausa kaɗai ba ya mayar da labari na gida. Haka kuma Bino and Fino, da Adamu Waziri ya fara a Abuja a 2010, ya cancanci yabo don nuna yara baƙaƙe da tarihin Afirka, sai dai shi ma bayani ya rinjayi barkwanci a cikinsa.

4.5 Katun na Iyali

Akwai wasu katun da aka gina a kan zaman iyali domin su haɗa yaro da iyaye. Misalansu su ne Peppa Pig na Ingila, wanda aka fara a 2004, da Bluey na Ostareliya, wanda Joe Brumm ya ƙirƙiro aka fara nunawa a 2018. Bluey ya yi suna a duniya a kan cewa iyaye na kallonsa ko da yara ba sa nan, domin a cikin kamar minti 7 yana nuna gajiyar uba da damuwar uwa cikin raha. Amma abubuwa uku ke rage musu armashi a gidan Bahaushe. Na farko, daɗinsu yana cikin hira, hirar kuwa da Turanci ake yin ta. Na biyu, iyalin Peppa aladu ne, na Bluey kuma karnuka, dabbobin da addini da al'ada ba su ba su wuri a cikin ɗaki ba, alhali kowace dabba a tatsuniya da halin da aka san ta da shi, kamar dila malamin daji da zaki manyan dawa. Na uku, uban da ke birgima a ƙasa 'ya'yansa mata na hawansa baƙon abu ne a al'adar da ke da kunyar ɗan fari. A wurin Bahaushe, tsakanin kaka da jika ne aka buɗe ƙofar irin wannan wasa, har kaka takan kira jikanta mijinta, ya tsokane ta, ta rama.

4.6 Abin da Nazarin Ya Gano

Idan aka haɗa rukunan uku, za a ga cewa sashen farko na ma'auni ba ya ba kowane katun wahala, domin launi da motsi da waƙa sun isa su riƙe ƙaramin yaro. Bambancin yana ga iyaye. Katun ɗin da ke ba babba dariya ba su da Hausa, wasu ma ba su da magana, waɗanda ke da Hausa kuwa sun karkata ga darasi sun bar barkwanci. Wannan giɓi ne ke mayar da waya mai raino. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, kuma kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana. Wannan ƙa'ida tana da wuyar kiyayewa idan babba ba ya wurin, domin tatsuniya tana ƙarewa da “ƙurunƙus”, amma YouTube da kansa yake ɗauko wani bayan wani.

Saboda haka, mai son shirya katun na Hausa yana da kayan aiki a hannu. Akwai Gizo da Ƙoƙi da kura, akwai wasan kaka da jika da na taubasai, akwai kuma kacici-kacici da karin magana, waɗanda uwa za ta ji daga bakin murhu ta murmusa, yaro ya tambaye ta abin da ya ba ta dariya. Daga wannan tambaya ce hira ke farawa.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an auna katun na ƙiriniya da masu koyarwa da na iyali da ma'aunin da aka ciro daga tatsuniya. An ga cewa Masha and the Bear ya fi sauran haɗa dariyar uwa da ta ɗa, Akili and Me kuma ya fi barin abin da za su maimaita tare, amma babu ko ɗaya da ya cika sassan ma'aunin uku a gidan Bahaushe na Batagarawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, kuma sai mai tanƙwarar yana kusa. A babi na gaba za a taƙaita aikin baki ɗaya tare da kawo shawarwari ga iyaye da malaman makarantun raino da masu shirya finafinan Hausa.