Wa ya sauya wa faifan riga?

Aikina na rediyo aikin kunne ne. Mai saurare yana jin waƙa, amma bai taɓa ganin bangon faifan da ta fito daga ciki ba. Shi ya sa na daɗe ban kula da bango ba, sai da na lura cewa faifai ɗaya na kiɗan rok kan fita da riga kaza a Ingila, ya isa Amurka ko Sifen da wata dabam. Masu sharhi kan tara duk wannan su kira shi danne 'yancin mawaƙa. Ni ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci.

A ɗauki Sticky Fingers na Rolling Stones, 1971. Andy Warhol ne ya tsara bangon: ƙugun namiji cikin matsattsen wando, har da zik na gaske. Masu tacewa na gwamnatin Janar Franko a Sifen suka ƙi shi. Me aka sa a madadinsa? Gwangwanin maɗi a buɗe, yatsun mutum suna leƙowa daga ciki kamar an yanke su. Aka kuma cire waƙar da ta ambaci ƙwayar mofin. Wato wando ya fi yankakkun yatsu tayar wa hukuma hankali. An gudu ba a tsira ba. Wannan kam tacewar gwamnati ce, kuma ta nuna abin da take tsoro, ba abin da ke cutar da mai kallo ba.

Na Beatles dabam ne. A 1966 kamfanin Capitol ya buga Yesterday and Today a Amurka da hoton su huɗu cikin fararen rigunan mahauta, ɗanyen nama da gutsuttsuran 'yan tsana a jikinsu. Babu hukumar da ta ce uffan. Masu shaguna da 'yan uwana masu gabatar da shirye-shiryen rediyo ne suka koka, kamfani ya janye faifan, ya liƙa wani hoto a kan na farko. Tsoron asara ne ya yi aiki a nan. Yau masu tara tsofaffin fayafai na biyan kuɗi mai tsoka don samun wancan bangon da aka ɓoye.

Labarin Jimi Hendrix ne ya fi sauya mini tunani. Electric Ladyland ya fito a 1968. Bangon Ingila cike yake da mata tsirara, na Amurka kuwa fuskarsa ce cikin launin ja da rawaya. Mai saurin hukunci zai ce Amurka ta tace, Ingila ta bar mawaƙi da 'yancinsa. Ba haka ba ne. Hendrix ya nemi a sa hoton da Linda Eastman ta ɗauke shi da abokan kiɗansa tare da yara a wani lambun New York. Kamfanonin biyu duk suka yi biris da shi, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga bangon Ingila ba. Ashe tsiraicin ma ba muryar mawaƙi ba ce, dabarar kasuwa ce.

Ban yarda cewa duk hoton da aka rufe gwaninta ba ne. Al'umma na da haƙƙin cewa ga abin da ba za a kafa a gaban yara ba, ni ma akwai waƙoƙin da ba na sakawa da safe. Abin da nake zargi shi ne yin sauyin a ɓoye. Saurayin da ya sayi faifan a Madrid ya ɗauka gwangwanin nan ne Rolling Stones suka nufa, ba wanda ya gaya masa an cire masa waƙa. In za ka yanke, faɗa wa mai saye ka yanke, ka kuma faɗi sunanka. Tun da na gane haka, duk ranar da na datse wani baiti a shirina, sai na shaida wa masu saurare cewa ni na datse.