Tsakanin “Daƙiƙi” da “Mai Ƙiriniya”: Gyara ga Hukuncin Malamai

Malamanmu na firamare suna da kalmomi biyu da suke yanke wa yaro hukunci da su. Wanda ya kasa karatu daƙiƙi ne, wanda ya kasa zama wuri ɗaya kuwa mai ƙiriniya ne, na farko a ƙyale shi, na biyu a ba shi bulala. Ina ganin wannan rabo kuskure ne.

Tun 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro mai kaifin hankali wanda rubutattun kalmomi suka gagare shi, a 1902 kuma George Still ya yi bayanin yaran da hankalinsu ba ya tsayawa. Binciken baya-bayan nan ya nuna larurorin nan biyu sukan haɗu: cikin yara ɗari masu ɗayarsu, 25 zuwa 40 suna da ɗayar ma.

Na ga misalin haka a wata makaranta a Takur, cikin Dutse, sa'ad da na je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Ana bita baki ɗaya, wani yaro yana bin amo daidai. Da aka tsayar da shi shi kaɗai, sai ya karanta “dawa” a wurin “bawa”, ya shiga wasa da hular maƙwabcinsa. Malamin ya ce iskanci ne kawai. Alhali kuwa bitar taron ce ta ɓoye ciwonsa shekara uku.

A nan masu nazarin harshe ma muna da laifi. Mukan yi alfahari cewa bokon Hausa yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Ba ƙwarai ba. Haruffan b da d juna suke kallo kamar a madubi, ga kuma ɓ da ɗ, waɗanda ɗan lanƙwasa kaɗai ya raba su da na farko. Ba mu nuna tsawon wasali ko karin sauti, watau “gari” na mazauna da “gari” na tuwo sifarsu ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Yaron da hankalinsa ke tashi kafin ƙarshen jimla, ina zai sami wannan taimako?

Saboda haka ya kamata kwalejojin horon malamai, irin ta Gumel, su koya wa ɗalibansu sauraron karatun kowane yaro shi kaɗai, da raba koyar da haruffan nan huɗu da 'yan makonni tsakaninsu.